Hancina Na Kai Sikotlan, Ba Harshena Ba

Da sunan Allah zan fara, don Shi kaɗai ne bai tsare ni da tambaya ba tun da na dawo, Ya riga Ya san abin da ya faru. Sauran kuwa, daga majalisarmu ta bayan masallaci a Bani Malik har mai gasa burodi na bakin layi, kowa da bakinsa. "Bakur, yaya ƙasar Turawa?" "Bakur, wai da gaske gidan giya aka kai ka?" Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Isa Sudani, da zai matso kusa da ni a sahu yana jan hanci kamar mai neman abin da ya ɓata. To na gaji da maimaitawa, ga shi a rubuce. Karatuna bai wuce na firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Amsar da kuke ta kewaye-kewaye a kanta kuma ga ta tun yanzu: ban sha ba. Wanda wannan kaɗai ya kawo shi ya tashi ya kama gabansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Abubakar, a nan Jidda Bakur ake ce mini. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakana da kakan maigidana tare suka taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratso Sudan, suka tsallako teku a jirgin ruwa ɗaya. Nasa ya karɓi takardar ɗan ƙasa, nawa ya ce sai gobe. Shi ya sa yau maigidan nawa, Wa'il, ke da shagon turare a unguwar Bagdadiyya da gida a unguwar Safa, ni kuma ina da fasfo na Najeriya, ƙasar da sau ɗaya na taɓa takawa, da iƙama, wato takardar izinin zama, wadda sai kafili ya ga dama ake sabuntawa. Matata da 'ya'yana duk a kan iƙamar nan suke zaune. In ta mutu, mun zama baƙi a garin da aka yanke mana cibiya. Kafilin kuwa shi ne Wa'il, yaron da na sha ɗorawa a wuya in kai shi kallon teku.

Aikina hanci ne. Tun zamanin mahaifinsa, marigayi Alhaji Sale, in an kawo man udu, itacen turaren nan mai tsada, daga Indiya ko Kambodiya ni ake kira. In ɗiga a bayan hannu, in murza, in shinshina, in jira, in sake shinshinawa, sannan in shafe sauran a gemu don kada a yi asara. Daga nan in ce a saya ko a bari.

Wata rana bayan azahar Wa'il ya kira ni ofis. Hausarsa ta ji ce, ba ta faɗa ba, yana farawa da ita sai ya zame cikin Larabci. Ammu yake ce mini, wato baffa, ni kuma tun da ya gaji shagon Ustaz nake ce masa.

"Ammu Bakur, za mu yi safar. Sikotlan. Akwai itace tsoho, ƙadim sosai, ina so ka shinshina mini."

"Itace a ƙasar sanyi? Udu ba ya fitowa can."

"Ganguna ne, ya Ammu. Yalla, kawo fasfonka a nema maka biza."

Na tuna masa iƙamata ta kusa ƙarewa.

"In mun dawo, in sha Allahu. Basiɗa."

Basiɗa, wato ƙaramin abu. A wurinsa kam ƙaramin abu ne.

Zulai matata tana haɗa mini kaya tana mita. "Abu Hassan, ka bi yaron nan a hankali. Ba sanyi nake ji maka tsoro ba, bakinka nake ji maka tsoro." Ta cusa mini dabino da garin yaji da kaskon turare na lantarki, ta ce Turawa ba su san ƙamshin ɗaki ba. A nan dai ta yi gaskiya.

A jirgi shi yana gaba inda ake miƙe ƙafa, ni ina baya kusa da bayi. A Landan ma aka raba mu kamar yadda aka raba kakanninmu. Shi ya bi wata ƙofa ta manya ya ɓace, ni na shiga layin da ya nannaɗe kamar hanji. Da na iso gaban ma'aikaciyar, ta juya fasfo ta juya, ta dube ni. Ɗan Turancin da na tsinta a bakin masu sayen turare ya ishe ni gane tambayarta: haihuwar Jidda, fasfon Najeriya, to ni ɗan ina ne? Na ce mata da Hausa, "Baiwar Allah, wannan tambayar ta girme ki." Allah ya sa ba ta ji ba. Ta buga hatimi ta miƙo.

Wurin shiga jirgi na biyu aka tare jakata saboda 'yar kwalbar tsohon udun Indiya da ba na rabuwa da ita. Wani ƙato ya buɗe ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, sai ya yi kukan akuya, su biyun suka bushe da dariya. Ban ga laifinsu ba. Tsohon udun Indiya farkonsa warin garke ne, sai mai haƙuri yake buɗe wa. Suka mayar mini da abina da yatsu biyu.

Daga Gilasgo mota Wa'il ya ɗauka haya. Na buɗe ƙofar da na saba shiga, na tarar da sitiyari a gabana. Ya ce, "Tafaddal, ya Ammu, tuƙa mu." Na zagaya na shiga ta ɗaya ƙofar. Muka yi arewa. Ba zan cika ku da labarin tsaunuka ba, kore ne da ruwan sama, in ka ga ɗaya ka ga duka. Abin da ya tsaya mini a rai tumaki ne. Ko'ina tumaki, kowace da shafin fenti a gadon baya, ba makiyayi, ba ɓarawo. Na ce a raina, a sake su haka a Jidda ana gobe Layya a ga ikon Allah.

Masaukinmu ba otal ba ne, gidan wata tsohuwa ne da ake ce wa Madam Mora, tana ba da ɗakunan sama haya. Ita kaɗai ce a gidan sai kare. 'Ya'yanta suna can wani gari, sai dai waya. A Bani Malik in aka bar tsohuwa ita kaɗai da kare, unguwa ba za ta bar 'ya'yanta su yi barci ba. Amma ita ko a jikinta, har fira take yi da karen, shi kuma ya ƙwallafa rai a kaina, duk inda na ajiye ƙafa yana nan. Rabin zamana a gidan na yi shi ne ina tattare riga.

Bayinsu ba tiyon tsarki, ba buta, sai takarda. Na yanke robar ruwa na yi buta. Famfo kuma biyu ne a kwano ɗaya, ɗaya na tafasa ɗaya na ƙanƙara, ba su haɗuwa. Alwala ta zama sai ka zaɓi azabar da za ka fara da ita. Da na ga ɗakin na warin danshi da kare, na jona kaskon Zulai na ɗora ɗan guntun udu. Hayaƙi bai kai silin ba wani abu ya fara ihu a saman kaina, gidan duka ya ɗauka, kare na haushi, Madam Mora ta hayo bene da tawul jiƙaƙƙe a hannu. Ta tarar da ni a kan kujera ina dukan abin da hula. Wa'il ya fito yana ba ta haƙuri, ni kuma yana hararata. Ita kuwa da ihun ya tsaya sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ja numfashi, ta sake ja, ta tambaya ko zan bar mata ɗan guntu. Na bar mata.

Da safe ta kawo wani kunu mai kauri na hatsinsu, ba sukari, gishiri aka sa. Na zuba dabinon Zulai ya ciwu. Sai ga wani abu baƙi zagayayye a faranti. Na tambayi Wa'il, ya tambaye ta, ya ce jini ne aka dafa da gari. Na ture. Ba ta ji haushi ba, ta koma ta kawo kifi banda da ƙwai. Kifin nan, wallahi, da garin yaji, ko a gidan biki aka ba ni ba zan raina ba.

Bayan mun karya muka kama hanyar wurin gangunan. Tun kafin mu ga ginin hancina ya ba ni labari. Wani wari ne kamar ƙullun koko da ya kwana ya yi tsami, da hayaƙi a bayansa.

"Ustaz, ina ne nan?"

"Masana'anta ce, ya Ammu."

"Ta me?"

Ya gyara madubin mota da bai karkace ba. "Wuski."

"Giya."

"Isma', saurara. Ni ba na sha, ka sani. Tijara ce kawai. Ana sayen ganga tsohuwa, a bar ta nan a wurinsu, tana tsufa tana ƙara daraja, in ta kai a sayar. Ko ɗigo ba zai shiga Jidda ba. Wannan da za mu gani ta haura shekara arba'in, irinta ta yi wuya. Amma mai sayarwa ba zai faɗi aibin kayansa ba. Ina son hancin da na yarda da shi."

"Ubanka ya san wannan tijarar?"

"Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa."

"Shi ya sa."

Ya yi fakin. Na zauna ina kallon ruwa na bin gilashi. Tikitin komawa yana wayarsa, iƙama tana hannunsa, ni ko sunan ƙauyen ban iya faɗa ba. Na fito na bi shi. Kada wani a majalisa ya ce da shi ne da bai shiga ba. Mai faɗin haka takardar ɗan ƙasa ce a aljihunsa.

Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne, Mista Dankan, gajere, jan fuska, hannuwa kamar na maƙeri. Shi ke kula da rumbun gangunan. Ya buɗe wata ƙatuwar ƙofa muka shiga wuri mai duhu da sanyi, ƙasa ce a daɓen, bango ya yi baƙi da danshi, ganguna jere bisa jere har inda ido ya tsaya. Yana bayani Wa'il na fassara mini. Wai kowace shekara wani abu daga cikin ganga yana bin iska ya tafi, su kuma suna kiran abin da ya tafi rabon mala'iku.

Na ce, "A'uzu billahi. Ka ce masa mala'iku ba su sha."

Wa'il bai fassara ba. Dattijon ya ga fuskata ya gane da kansa, ya yi dariya ya nuna baƙin bangon, wai to ga masu shan nan.

Ya kai mu can ƙurya wurin wata ganga da ta yi furfura da ƙura. Ya buge toshiyar da guduma ta katako, ya zura wani dogon bututu na jan ƙarfe, ya toshe samansa da babban yatsa, ya ɗago. Abin da ya zubo cikin kofin gilashi launinsa kamar zumar dutse, ja mai duhu. Kofin ƙarami ne, mai ciki, bakinsa a tsuke. Ya miƙo mini. Hannuna ya karɓa kafin kaina ya yi shawara, don a gidanmu ba a barin hannun mai miƙo abu a sama.

To a nan na yi kuskuren farko. Duk wanda ya tashi a Hijaz ya san in an miƙo maka finjalin gahawa kuma ba ka so a ƙara, girgiza shi kake yi a hankali ka miƙa, mai zubawa ya gane ka ƙoshi. Haka na yi. Na girgiza kofin na miƙa masa, nufina karɓi abinka. Ashe su masana wuski haka suke juya kofi kafin su shinshina. Idon dattijon ya yi haske. Ya dubi Wa'il ya ce wani abu, ya sake zura bututu ya ƙara mini. Na sake girgizawa da ƙarfi. Ya ɗaga mini babban yatsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce na kawo ustaz na gaske." Wa'il na danne dariya. "Yalla, Ammu, shinshina kawai."

Na shinshina. Wannan ban ɓoye ba, kuma malamin da zai yi mini fatawa a kai ya fara zuwa ya duba abin da ke cikin kwalaben turaren fesawa da ke kan teburinsa.

Farko zafi ne ya doki hanci, na janye na jira, kamar yadda ake yi wa sabon mai. Na sake komawa. Ba zan yi muku ƙarya ba don in burge ku: abin yana da ƙamshi. Zabibi ne ya fara fitowa, da dabinon da ya daɗe a buhu har ya yi zuma. Bayansa ɓawon lemo busasshe da kanumfari. Can ƙasa kuma fata, irin ta tsohuwar jakar Alƙur'ani da hannu ya goge. Hayaƙin kuwa siriri ne, kamar ka wuce gidan da aka yi banda jiya. Dattijon ya ɗiga ruwa kaɗan a ciki, sai abin ya buɗe, wani ƙamshi kamar na kakin zuma ya taso. Shekara arba'in a duhu ba ta tafi a banza ba. Na ji haushin kaina da na ji daɗinsa, amma hanci ba ya karatun fiƙihu.

Sai dai akwai wani abu a ƙarshen da bai kwanta mini ba, yana ɓuya yana leƙowa. A kofi ba zan kama shi ba. Sai kawai na karkata kofin na ɗiga a bayan hannu, na murza, na jira ya sha iska, na shinshina. Ga shi nan. Busasshen itace, mai ɗaci, kamar tsohuwar ƙofar da rana ta cinye. Na ce to na kama ka. Ina cikin jin daɗin kamun, hannuna ya yi abin da ya saba yi tun ina saurayi. Ya tafi gemu ya shafe sauran, sama da ƙasa, har da gashin baki.

Sai da na ga bakin Wa'il a buɗe na gane abin da na yi. Dattijon ya dafa ganga yana dariya har da hawaye. Ni kuwa ga ni tsaye, Alhaji, ɗan Alhaji, jikan wanda ya zo Makka a ƙafa, gemuna na tashin giya, ga azahar na matsowa.

Na daure na faɗi hukuncina. "Ka ce masa kayan kirki ne, amma itace ya fara cinye shi. Ya kai ƙarshen hawansa, gangarowa yake yi. In ka saya ka ƙara ajiye shi, katako za ka sayar."

Wa'il ya fassara. Mista Dankan ya daina dariya. Ya zuba nasa, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana juyawa kamar mai kurkure, ya haɗiye, ya rufe ido ya daɗe. Sannan ya yi magana a hankali. Wai itacen yana nan, bai musa ba, amma a hanci yake da ƙarfi. A kan harshe abin yana da rai, zaƙin ya rufe ɗacin, kuma yana daɗewa a maƙogwaro kamar ba zai tafi ba. Wai hanci rabin shaida ne, baki ke yanke hukunci. Wataƙila gaskiyarsa ce, wataƙila bakin mai sayarwa ne. Har yau ban san wanda ya yi daidai tsakanina da shi ba.

Wa'il ya ja ni gefe. "Ammu, ka ji. Sai an ɗanɗana. Ɗan kaɗan a kan harshe, ka tofar. Ba sha ba ne."

"Ga kofi, ga harshenka."

"Ni? La, la. Ni ban taɓa ba. Ummi ta sa na dafa Alƙur'ani tun zan tafi karatu waje."

"Ni kuma uwata a bola ta tsince ni?"

"Ba haka nake nufi ba. Kai ne mai sanin ɗanɗano. Kuma ai ka riga ka shafa a gemu, saura me?"

"Saura baki. Shi ya rage mini."

Ya rage murya. "Akwai wani mai saye yana jira, yau za a ba da amsa. Na kashe kuɗi na kawo ka. Ka taimake ni in taimake ka, ya Ammu. Iƙamarka tana kan teburina, ka manta?"

Ban manta ba. Na ga fuskar Zulai, na ga Hassan da ƙannensa a filin jirgin Kano da jakunkuna, suna tambayar hanya da Hausar da ta karye. Kofin yana hannuna, ɗigo ɗaya ne, ba wanda zai sani. Na ɗora shi a kan ganga.

"Wa'il." Ban ce Ustaz ba, kuma ban rage murya ba. "Tun kana cikin zanen goyo nake ɗaukar wa gidanku kaya. Na ɗauki buhu, na ɗauki akwati, na ɗauki makarar ubanka. Zunubi kam kowa ya ɗauki nasa. Kana son riba, kana son Aljanna, sai ka yi hayar harshen talaka ya shiga wuta a madadinka? Alhaji Sale hanci ya ɗauka aiki. Harshena ba ya cikin kwantiragi."

Dattijon bai ji kalma ɗaya ba, amma ya mayar da toshiya ya buga.

Na fita waje na sami famfo a jikin bango. Ruwan nan kamar wuƙa. Na wanke gemu na sake wankewa haƙorana na kaɗawa, ina shinshinawa ina jin zabibi. Sai ga Mista Dankan da sabulu da tawul. Ya tsaya yana kallona, sannan ya nuna rumbun, ya ce "baba" da Turancinsu, ya nuna bakinsa ya girgiza kai. Da 'yan kalmomin da na tsinta na gane: ubansa a nan ya yi aiki har ya tsufa, mutumin coci ne, bai taɓa kai giyar baki ba. Ya nuna mini wani ɗaki mai tsabta inda suke ajiye buhunan hatsi. A nan na yi azahar, ina rawar sanyi.

Wa'il bai saya ba a ranar, ya ce zai yi tunani. Muna filin jirgi washegari waya ta shigo masa, wancan mai jiran ya ɗauke gangar. Ya kashe wayar ya juya mini baya har Jidda. Da aka buɗe ƙofar jirgi zafin garinmu ya rufe ni kamar bargo, na ce alhamdu lillahi, ko ba komai a nan gemu yana bushewa.

Na ba Zulai labari duka. Ta yi dariyar gemu har ta riƙe ciki, sannan ta share ido ta gyara zama.

"Ka yi daidai, Abu Hassan. Yanzu je ka ba shi haƙuri."

"Na yi daidai kuma in ba da haƙuri? Laifin me?"

"Laifin rashin takarda."

Na koma shago na ci gaba da zama a kujerata. Ba ya gaishe ni, bai kuma kore ni ba. Aka kawo sabon mai daga Kambodiya, ya ba wani ɗan Bangladesh da ke goge kwalabe ya shinshina, a gabana. Iƙama kuwa tana ta matsowa. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na saka farar riga na shiga ofis. Bai rufe ƙofa ba, so yake ma'aikata su ji.

"Ammu Bakur, ka kunyata ni gaban baƙo. Ka kira sunana gatsau, ka ambaci Baba, ka sa na yi hasarar ciniki. Amma ni ba mai riƙo ba ne. Ka sumbaci kaina, halas, gobe a kai iƙama a sabunta."

Ga wanda ba ɗan nan ba: a Hijaz mai neman gafara kan wanda ya ɓata wa yake sumbata. Ɗa yana yi wa uba, ƙarami yana yi wa babba. Ya gyara zama a kujera, ya ɗan tura ƙyallen kansa baya, ya sunkuyo mini da goshi. Ma'aikata sun daina goge-goge. Taku biyu ne tsakanina da shi, da na yi su da yanzu ina barci da ido biyu rufe.

Na cire hulata. Kaina ya yi fari, tsakiyar ta zube, a shagon nan ta zube. Na dafa teburin na sunkuyo masa da shi har ya kusa taɓa hancinsa.

"Ga kan da ake sumbata, ɗana. Bismillah."

Na jira. Na ji numfashinsa a kan sanƙona. Bai yi ba. Na mayar da hula, na ɗauki 'yar kwalbata daga aljihun teburina, na yi wa ma'aikata sallama ɗaya bayan ɗaya.

Wa'il ya aiko cewa ya sake ni, in nemi wani kafilin a mayar da ni kansa kafin wa'adi ya cika. Zulai ba ta yi mini magana sai ta bakin yara, amma tana ajiye mini abinci da zafinsa. Na zaga Bagdadiyya, na zaga Balad, kowa sai ya dubi furfurata ya ce in sha Allahu. To ku da kuka matsa sai kun ji labari, kun ji. Maimakon shinshina ni a sahu, wanda ya san mai shagon da ke neman hanci, tsoho, mai baƙin baki, wanda ba ya ƙarya a kan mai, ya kawo shi. Ina bayan masallaci kullum bayan la'asar, kuma ku gaya masa tun a hanya: hancin kaɗai zai samu.